Kin gama shan kafso sai ƙaiƙayi ya taso? Ga yadda za ki fita daga wannan wahalar

Akwai shekarar da na yi kusan wata biyar ina fama da abin nan da muke cewa sanyi, wasu su ce infekshan, kuma wallahi ashe da hannuna nake ƙara wa kaina ciwon ban sani ba. Zazzaɓi na yi, aka ce taifot ne aka ba ni antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, mai suna Cipro na kwana goma, na shanye tas na samu sauƙi, ko sati ba a rufa ba sai ga ƙaiƙayi a gaba irin wanda in kina cikin mutane sai ki rasa inda za ki sa kanki, ga farin ruwa mai kauri. Na koma kemis ɗin unguwarmu na ce sanyi ke damuna, bawan Allah bai tambaye ni komai ba ya haɗo min Ampiclox da Flagyl a leda, na sha, abu ya ƙara gaba, na koma ya ce to sanyin ya yi ƙarfi sai allura, aka yi min allura kwana biyar. Sai da na je asibiti wata likita ta dube ni ta ce "Hajiya me da me kika sha a watannin nan?" ina lissafowa tana girgiza kai. Aka yi gwaji, Kandida ce, wata ƙwayar cuta 'yar gidan su fumfuna. Maganin matsawa na kwana shida ta rubuta min, kuɗinsa ko kwatan abin da na kashe a baya bai kai ba, shikenan fa.

Shi ya sa nake son mu yi maganar nan dalla-dalla, don na san ba ni kaɗai ba ce, likitoci sun ce kusan mata 3 cikin 4 sai sun yi wannan ciwon ko sau ɗaya ne a rayuwarsu.

Me ya haɗa antibayotik da wannan ƙaiƙayin

Gaban mace ba fanko ba ne, akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da Allah ya ajiye a wajen, ana ce musu laktobasilos, dangi ɗaya suke da masu mayar da madara kindirmo. Wani likitan Jamus mai suna Döderlein ne ya fara bayaninsu tun 1892. Aikinsu su riƙa fitar da tsami, tsamin nan da cika wajen da suka yi shi ke hana baƙi samun wurin zama. A lafiyayyar mace ma'aunin tsamin wajen yana tsakanin 3.8 zuwa 4.5.

To a gefe guda kuma akwai Kandida. Ita ba bakteriya ba ce, yis ce, eh dangin yis ɗin da kike sa wa fanke da burodi, 'yar gidan su fumfuna. Tana nan zaune 'yar kaɗan a baki da hanji da fata da gaban mata da yawa kuma lafiyarsu ƙalau ba ta yi musu komai, saboda masu gadin nan, wato laktobasilos, sun danne ta.

Yanzu ki ɗauka kin sha antibayotik saboda haƙori ko ciwon fitsari ko an yi miki tiyata. Maganin nan bai san na gida ba bai san ɓarawo ba, musamman irin masu faɗin aiki su amoksilin, Ampiclox, Augmentin, Cipro, Septrin, tetirasaikilin ɗin nan ja da yalo, da alluran su seftiriyazon, duk bakteriyar da ya iya kashewa kashewa yake, har da laktobasilos. Ita kuwa Kandida ko a jikinta, domin ginin jikinta daban ne. Misali dangin fenisilin bangon jikin bakteriya suke rusawa, yis kuwa nata bangon da wani abu daban aka yi shi, maganin ba shi da inda zai kama. Abin dariya ma ita kanta fenisilin ɗin daga fumfuna Alexander Fleming ya gano ta a Landan a 1928, kin ga ai ba za ta yi faɗa da 'yan gidansu ba. Masu gadi sun mutu, fili ya samu, sai Kandida ta baje ta yi ta hayayyafa. Yawanci ana cikin shan maganin ne ko 'yan makonni bayan an gama abin ke tasowa.

Ba kowace mace ce hakan ke samunta ba, wata ta sha sau goma ba ta ga komai ba, wata kuma sau ɗaya ya ishe ta. Amma gwargwadon faɗin aikin maganin da tsawon kwanakin da yawan maimaitawa, gwargwadon yadda haɗarin ke ƙaruwa.

Inda muke cutar kanmu shi ne kalmar sanyi ɗin nan. Komai sanyi ne a wajenmu, ƙaiƙayi sanyi, wari sanyi, ciwon mara sanyi, fitsari da zafi sanyi, rashin haihuwa ma sanyi, kuma kowa ya haddace cewa maganin sanyi kafso ne. Sai ya zama abin da ya kawo ciwon shi ake ƙara ɗura miki don ya warkar da shi.

Ki fara tantance wanne ne ke damunki

Nan ne ya fi muhimmanci, don in kika yi kuskure a nan duk sauran aikin banza ne.

Kandida alamarta ta farko ƙaiƙayi ne, mai tsanani, ciki da waje, ya fi tashi da dare. Wajen ya yi ja ko ya ɗan kumbura, wani lokaci har fatar ta tsattsage saboda susa, in fitsari ya taɓa sai raɗaɗi, saduwa ma zafi. Ruwan da ke fita fari ne mai kauri guda-guda kamar kindirmon da ya tsinke ko awara da aka murmushe, kuma yawanci ba shi da wani wari. Wata ma ba ruwan sosai sai ƙaiƙayin kawai.

In kuwa ruwan tsinkakke ne mai ɗan toka-toka yana ƙarni kamar kifi, ya fi fitowa bayan saduwa ko bayan al'ada, ƙaiƙayin kuma ba sosai ba, to wannan ya fi kama da rikicewar bakteriyar wajen, shi kam antibayotik yake so, Flagyl ne ma maganinsa. In ruwan yalo ne ko kore-kore mai kumfa, da wari da ƙaiƙayi, yana iya zama tirikomonas, ta saduwa ake ɗaukarsa kuma dole a yi wa miji magani tare, in da abokan zama har su. In zafin a cikin fitsarin yake kina yawan zuwa kaɗan-kaɗan, wannan mafitsara ce. In kuma akwai ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, ko jini ba lokacin al'ada ba, ko ƙuraje da gyambo a wajen, don Allah ki ajiye wayar ki tafi asibiti, wannan ya wuce maganar Kandida.

Sai dai fa gaskiya ido yana yaudara, har likitoci ba sa dogara da kallo kawai, kuma ana iya samun biyu lokaci guda. Shi ya sa in karo na farko ne kike ganin abin, ko kin yi magani bai tafi ba, ki nemi a yi miki gwajin da ake cewa HVS. Ɗan tsinke ne mai auduga a kai ake ɗebo ruwan da shi a kai lab, minti biyu an gama, ba zafi sai dai kunya, kuma kina da damar cewa mace kike so ta ɗauka. Kar ki matsa komai ko ki wanke ciki kafin ki je, kuma ki faɗa musu duk maganin da kika sha kwanan nan, in da kwalin ma ki tafi da shi.

Ki tambayi kanki abu ɗaya: na sha antibayotik a wata ɗayan da ya wuce? In eh ne, ga ƙaiƙayi ga farin ruwa mai guda ba wari, to kusan kin san inda aka dosa.

Kafin ki fara shan antibayotik

Tambayi likita kai tsaye, dole ne sai na sha? Ba rashin kunya ba ne. Mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya yi musu komai, asarar kuɗi ce kawai da asarar masu gadinki. Maleriya ma ba antibayotik ɗin nan ne maganinta ba. Sannan maganar taifot, wannan gwajin Widal da ake yi wa kowa a ce "kina da taifot kaɗan" shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon, mutum lafiyayye ma yana iya nunawa, amma da shi ake ɗura wa mata Cipro duk bayan wata biyu. Ni nawa daga nan ya faro ai.

Akwai kuma masu shan Ampiclox bayan saduwa wai don kar su ɗauki ciki ko cuta, da masu sha bayan al'ada wai wankin mara. Ba ya hana ciki, ba ya wanke komai, mara ba tukunya ba ce. A ƙa'ida ma maganin nan sai da takardar likita ake sayar da shi, mu ne dai muka mayar da shi kamar alewa, har a tire ake yawo da shi a tasha cikin rana.

In kuwa likita ya ce dole ne, to ki sha. Amma ki gaya masa in kin san duk lokacin da kika sha irinsa ƙaiƙayi na taso miki, zai iya zaɓa miki wanda aikinsa bai kai faɗi ba in akwai, ko ya rubuta miki maganin Kandida ki ajiye a hannu. Ki kuma faɗa masa in kina da ciki, ko ciwon suga, ko kina shan wani magani kullum.

Kina cikin sha

Kar ki yanke maganin da kanki don ƙaiƙayi ya fara. Kandida tana da damuwa amma tana da sauƙin magani, ciwon da aka ba ki antibayotik dominsa kuwa zai iya dawowa ya fi da. Ana iya shan antibayotik ɗin ana maganin Kandida lokaci guda, ki dai koma ki faɗa.

Wajen tsarki, ruwa zalla ya isa, kuma waje kawai. Ba sabulu mai ƙamshi, ba Dettol, ba ruwan gishiri, ba cusa yatsa ana kwakulo ciki, wajen yana wanke kansa da kansa. Na san za a ce min to bagaruwa fa, kanumfari fa, miski fa, kayan matsi fa, turaren tsuguno fa. 'Yar uwa, ko ba ki yarda ki bar su gaba ɗaya ba, a wannan lokacin dai ki ɗaga musu ƙafa, masu gadin sun riga sun raunana ke kuma kina ƙara bin ragowar da duka, fatar da ta riga ta yi ja kuma ki zuba mata kanumfari ai sai ihu. In kin yi bayan gida ki wanke daga gaba zuwa baya, kar ki jawo na hanji zuwa gaba.

Yis tana son ɗumi da laima, mu kuma ga zafin gari ga kaya a jiki hawa-hawa. Fant na auduga za ki sa ba na leda ba, mai sakewa, in ya jiƙe da gumi ki canza, ki goge jikinki ya bushe bayan tsarki kafin ki mayar. Ki daina shanya fant a banɗaki ko ƙarƙashin gado don kunya, rana yake so, in ba hali ki goge shi da ayan. Da dare in za ki iya kwana ba shi ya fi. Matsattsen wandon nan na roba da ake sawa ƙarƙashin abaya a huta da shi kwana biyu. Audugar al'ada kuma a riƙa canzawa a kan kari.

Maganar yogot da kindirmo, za ki ji ana cewa sha yogot yana hanawa. Binciken da aka yi bai nuna hakan ƙarara ba, don haka kar ki dogara da shi, amma in mara suga ne ba laifi ki sha, ba irin na roba mai zaƙi kamar alewa ba. Sai dai ki kula, Cipro da tetirasaikilin da dokzisaikilin ba sa shiri da madara, sinadarin kalsiyam yana riƙe su ya hana jiki ɗauka, kar ki kora su da fura da nono, ki ba da tazarar aƙalla awa biyu. Kuma a baki ake sha, kar wata ta ce ki matsa yogot ko tafarnuwa a gaba, tafarnuwa ƙona fata take.

In ta riga ta taso

Maganin fumfuna ake ba ta, ba na bakteriya ba, kuma kala biyu ne.

Na farko na matsawa, kulotirimazol, mun fi saninsa da Canesten amma akwai na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi kuma aikinsu ɗaya. Yana zuwa 500mg guda ɗaya dare ɗaya, ko 200mg dare uku, ko 100mg dare shida. Da dare za ki sa in kin zo kwanciya, ki wanke hannu, ki kwanta rigingine ki tura shi ciki sosai da abin turawar da ke cikin kwalin ko da yatsa, ki kwanta kar ki tashi yawo. Da safe za ki ga farin gari-gari ya fito, ba komai ragowar maganin ne. Kirim ɗinsa kuma a waje ake shafawa sau biyu zuwa uku a rana don ƙaiƙayin, amma kirim na waje shi kaɗai ba ya kashe ta ciki. Ko kin ji sauƙi a dare na biyu ki ƙarasa kwanakin. In al'ada ta zo ya fi kyau ki bari ta wuce don jinin zai wanke shi. Sannan maganin nan yana lalata kwaroron roba, masu tazarar haihuwa da shi su sani, gara ma a haƙura da saduwar har a warke don wajen ya huta.

Na biyu na sha, fulukonazol, wato Diflucan, 150mg ƙwaya ɗaya tak sau ɗaya. Ɗaya fa na ce, ba kullum ba, don na ga masu shanye kati guda kamar farasitamol. Mai ciki ko mai tunanin ta samu ciki ba ta sha, ita na matsawa ake ba ta na kamar kwana bakwai, kuma a wajen awo za ta faɗa a rubuta mata, da yatsa za ta tura a hankali. Mai ciwon hanta ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko maganin farfaɗiya ita ma sai likita ya duba, don suna karo.

Cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata ki fara jin sauƙi. In sati ya cika ba canji, kar ki sake sayen wani, ki je a yi gwaji, ko dai ba Kandida ba ce tun farko ko kuma irin wadda ba ta jin fulukonazol ce, don kala-kala ce, albikans ce ta fi yawa amma akwai gilabirata mai taurin kai. Yarinyar da ba ta kai 16 ba da dattijuwar da ta haura 60 su ma asibiti za a kai su kai tsaye.

In kuma abin ya zama sau huɗu ko fiye a shekara, to akwai abin da ke ƙasa. A auna miki suga, domin mata da yawa ta wannan ƙaiƙayin aka gano suna da ciwon suga, yis abincinta kenan. A yi gwajin HIV, ba zagi ba ne. Sannan ki faɗi gaskiya in kina shan maganin ƙiba irin su sha-ka-fashe, yawancinsu da dekzametazon a ciki, yana karya garkuwar jiki ya kuma ɗaga suga, haka man bilicin masu sitiroyid suna jawo fumfuna a fata, ƙarƙashin nono da matsematsi. Mai yawan dawowa akwai tsarin magani na wata shida da likita ke ɗora ta a kai, ba abin da za ki haɗa wa kanki ba ne.

Maigida da abokiyar zama da banɗaki

An sha yin faɗa a gidaje a kan wannan, wai amarya ce ta shigo da sanyi, ko wai a masan makaranta aka kwaso. Kandida ba a lissafa ta cikin cututtukan saduwa, budurwar da ba ta san namiji ba ma tana yi, kuma ba daga tsugunno a banɗaki ake ɗaukarta ba, a jikinki take tun asali. Miji ba ya buƙatar magani sai in shi ma yana da alama, ja da ƙaiƙayi ko ɗan farin abu a kan kaciya, kirim ɗin nan zai shafa, kuma bai cika samun masu kaciya ba sai dai in da suga. Don haka haɗa gida gaba ɗaya a yi ta shan kafso wai maganin sanyi na iyali, mata uku za ki jefa cikin abin da mutum ɗaya ke ciki. Wancan na saduwa da na ambata a sama, tirikomonas, shi ne ake haɗa kowa, shi ma bayan gwaji.

Baki da jarirai

Ba gaba kaɗai take kamawa ba. Bayan antibayotik wani sai ya ga farin abu ya lulluɓe harshe da cikin kumatu, abinci ba ɗanɗano, baki na zafi. Masu asma da ke shaƙar inhela mai sitiroyid ma suna samu, shi ya sa ake cewa a kuskure baki bayan an shaƙa.

Jarirai kuwa sun fi kowa, musamman da yake ɗan zawo kaɗan ko mura sai a sayo sirof ɗin antibayotik a ɗura musu, ko uwar ce ta sha tana shayarwa. Yadda za ki bambanta da ragowar nono, ki sa tsumma mai tsabta mai laushi ki ɗan goga a hankali, nono zai fita, Kandida ba ta fita, in kin matsa ma sai wajen ya yi ja har da ɗan jini, don haka kar ki kankare. Yaron zai riƙa kama nono yana saki yana kuka. A ƙasa kuma za ki ga jan kurji sosai a matsematsi inda famfas ke rufewa, da 'yan ƙananan ɗigo ja a gefe-gefe, hoda da basilin ba sa kawar da shi.

Ki kai shi asibiti, yawanci ruwan nistatin ake ba da shi ana ɗiga masa a baki sau huɗu a rana bayan ya sha nono, a ci gaba har kwana biyu bayan farin ya ɓace. Kar a shafa masa zuma, yaron da bai shekara ba ba a ba shi zuma sam. In kan nononki ya yi ja yana sheƙi yana zafi kamar ana soka allura, ki faɗa a ba ku magani tare ke da shi, in ba haka ba za ku yi ta miƙa wa juna. Shayarwa kuma ki ci gaba abinki, fida da duk abin da yake sawa a baki a riƙa tafasa su kullum, famfas a cire masa na ɗan lokaci da rana wajen ya sha iska.